Jajayen tantunan Saint-Martin: yadda marasa gida suka hana Faransa kau da kai

Safiyar Asabar 16 ga Disamba 2006 mutanen gunduma ta 10 a birnin Paris suka tashi suka tarar da tantuna jajaye wajen guda ɗari an jera su reras a bakin kanal ɗin Saint-Martin, wato doguwar hanyar ruwan nan da Napoleon ya ba da umarnin haƙawa wadda ta ratsa gabashin birnin. Wurin ba unguwar talakawa ba ce fa, wuri ne na 'yan gayu, ga shagunan shan kofi ga 'yan gadoji na ƙarfe inda masoya ke tsayawa ɗaukar hoto. A cikin tantunan akwai mutanen da suka shekara suna kwana kan kwali, akwai kuma waɗanda suka baro gadonsu mai ɗumi da gangan suka zo kwana ɗaya ko biyu don su ɗanɗana. Kafin wata uku ya cika daga wannan safiyar Faransa ta yi sabuwar doka sukutum a kan haƙƙin samun muhalli.

Na daɗe ina juya wannan lamarin a raina saboda mutane da yawa sun yi gangami a kan marasa gida a ƙasashe daban daban, an yi tattaki an raba barguna an kwana a fili don tara kuɗi, yawanci washegari kowa ya koma harkarsa shikenan. To me ya sa na waɗannan ya ci? Kuma cin da ya yi, har ina ya kai?

Yadda abun yake kafin tantuna

A Faransa ana ce musu SDF, haruffa uku da ke nufin wanda ba shi da tsayayyen mazauni, kuma kalmar ta zama ruwan dare har ta daina sosa ran kowa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar, INSEE, ta yi bincike a 2001 ta ce sun kai kusan 86,000, wannan ya haɗa da masu kwana a titi da masu kwana a gidajen agaji. Abun da ya fi ba mutane mamaki a binciken shine kusan uku cikin goma suna da aikin yi. Mutum ya tashi ya je aiki ya dawo amma albashin bai isa ya kama ɗaki ba, ko kuma mai gida ya ce sai ya kawo wanda zai tsaya masa.

Ba wai babu tsarin taimako ba ne, akwai, sai dai tsarin kansa yana gajiyar da mutum. Akwai lamba 115 da ake kira kyauta a nemi wurin kwana, akwai Samu social da likita Xavier Emmanuelli ya kafa a Paris a 1993 masu yawo da mota da daddare suna duba mutane. Amma in ka samu gado to na dare ɗaya ne ko 'yan kwanaki, da sassafe a ce kowa ya fita, ka ɗauki jakarka ka yini kana gararamba sannan ka sake kiran 115 ka jira a layi ko za a ɗaga. Wasu wuraren ɗaki ɗaya mutum barkatai, ga sata ga faɗa, ba a shiga da kare alhali karen nan shi kaɗai ne abokin wani, miji da mata a raba su. Shi ya sa da yawa suke cewa gara titi. Sannan ƙarin gadaje sai sanyi ya yi tsanani ake buɗewa, da yanayi ya sassauta a rufe, kamar dai in babu ƙanƙara kwanan titi ba komai ba ne.

Tantin ma ba masu shirya gangamin Saint-Martin ne suka fara kawo shi ba. A hunturun 2005 ƙungiyar likitoci ta Médecins du Monde ta raba tantuna ga masu kwana a titunan Paris, da niyyar su samu ɗan rufin asiri kuma a gan su. An yi ta ce-ce-ku-ce a kai, musamman da bazara ta zo mazauna unguwanni suka fara ƙorafi. Amma waɗancan tantunan a warwatse suke, ɗaya a ƙarƙashin gada biyu a bayan tasha, ido yana iya tsallake su kamar yadda ya saba tsallake mai kwali.

Su waye, kuma me suka yi daban

Waɗanda suka shirya na Saint-Martin ba ma'aikatan agaji ba ne, ba su da ofis ba su da tarihi a harkar. Jagoransu Augustin Legrand ɗan wasan kwaikwayo ne, wani dogo mai yawan magana da zafi, tare da ɗan'uwansa Jean-Baptiste Legrand da abokansu Pascal Oumakhlouf da Ronan Dénécé. Suka sa wa ƙungiyar suna Les Enfants de Don Quichotte, 'ya'yan Don Kishot kenan, jarumin tsohon labarin nan na Sifaniya da ya ɗauki mashi zai yaƙi abun da ya fi ƙarfinsa kowa na masa dariya. Ko daga sunan ka san sun san yadda za a kalle su.

Abu na farko da suka yi shine suka koma titi da zama na makonni a ƙarshen 2006, da kamara a hannu, suna hira da marasa gida suna sa bidiyon a intanet. Wannan ya ba su abu biyu, sun samu yardar mutanen titi waɗanda ba sa yarda da kowa da sauƙi, kuma sun ji da kunnensu abun da mutanen ke so ba abun da ake zaton suna so ba. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

A farkon Disamba suka gwada kafa sansani a dandalin Concorde, tsakiyar gari kusa da majalisa, 'yan sanda suka kore su nan take. Sai suka canja wuri suka canja dabara, suka je kanal da daddare, da irin tantin nan da ake wurgawa ya buɗe da kansa cikin daƙiƙoƙi, kafin hukuma ta farga an gama jerawa kuma 'yan jarida sun iso.

Ni a ganina dabarar da ta fi kowacce ita ce gayyatar masu gida. Suka ce duk wanda ke da wurin kwana ya zo ya kwana tare da mu. Ka ga yanzu ɗan sanda in ya zo ɗaga tanti bai san wa zai tarar a ciki ba, ko wanda ya shekara goma a titi ko malamin makaranta ko ɗan jarida ko wani fitaccen ɗan fim. Korar marasa gida abu ne da aka saba yi kullum ba mai tambaya, amma korar masu ƙuri'a a gaban kamara ana saura kwana tara Kirsimeti wani abu ne daban. Kuma wanda ya kwana a wurin ko sau ɗaya ne, ya ji yadda sanyin ƙasa ke ratsa ƙashi, ya nemi bayan gida da tsakar dare ya rasa, ya kasa barci don ƙarar motoci, to washegari in ya koma ofis ba irin labarin da zai bayar kenan ba. Gani ya kori ji.

Sai kalar. Abun kamar wasa amma ba wasa ba ne, tantuna iri ɗaya ja jawur a layi ɗaya ga ruwa a gefe, hoto ne da duk editan jarida zai so ya sa a shafin farko, kuma hoton da kansa yana ƙirga mutane. Tanti ɗaya matsalar mutum ɗaya ce, ana iya cewa shaye-shaye ne ko lalaci. Tanti ɗari biyu a jere ba ka da bakin cewa duk laifinsu ne. Kuma sun haura ɗari biyun kuwa cikin 'yan kwanaki, sannan abun ya yaɗu zuwa wasu birane irin su Nice da Lyon da Toulouse da Strasbourg da Bordeaux.

Wani abun ban mamaki, hunturun shekarar bai ma yi tsanani ba, yana cikin masu sauƙi da aka gani a ƙasar. Wato ba gawa ce ta tayar da hankalin mutane ba wannan karon, ganin masu rai ne.

Faɗuwa ta zo daidai da zama

Kar mu yaudari kanmu, lokaci ya taimake su sosai. Zaɓen shugaban ƙasa yana tafe a Afrilu 2007, kamfen ya ɗau zafi tsakanin Nicolas Sarkozy da Ségolène Royal, Jacques Chirac kuma yana shirin barin mulki bayan shekara 12 yana neman abun da za a tuna shi da shi. Ga hutun ƙarshen shekara lokacin da gidajen talabijin ke rasa labari. Kwana biyu kacal da kafa tantunan, ranar 18 ga Disamba, Sarkozy ya tsaya a garin Charleville-Mézières ya yi alkawarin in aka zaɓe shi cikin shekara biyu ba wanda zai sake kwana a gefen titi dole. Irin wannan alkawarin ba sabo ba ne, Lionel Jospin, firaminista a lokacin, ma ya yi makamancinsa a kamfen ɗin 2002.

Da farko gwamnati ta so ta raina abun. Minista Catherine Vautrin da ke kula da ɓangaren ta ce rufa-ido ne kawai. Bai ɗau lokaci ba aka daina wannan maganar.

Amma abun da mutane ke mantawa in suna ba da labarin nan, kuma shi na fi so a riƙe, shine takardar da suka fitar a ranakun Kirsimeti wadda suka kira yarjejeniyar kanal Saint-Martin. Buƙatu shida ne a ciki, gajeru, ba dogon turanci. A buɗe wuraren kwana dare da rana duk shekara kuma a mai da su wurin da ɗan Adam zai iya zama, a daina mai da mutum titi bayan an karɓe shi, a samar da gidajen wucin gadi nan take, a ƙara gina gidaje masu sauƙin haya, a buɗe ƙofa ga wasu nau'o'in mazauni ga wanda ba zai iya zama shi kaɗai ba, sai na ƙarshe wanda ya fi nauyi, a mai da haƙƙin muhalli abun da mutum zai iya kai gwamnati kotu a kansa.

Wannan na ƙarshen ba su suka ƙirƙiro shi ba ko kaɗan. Wani babban kwamiti da ke ba gwamnati shawara kan muhallin marasa galihu ya yi ta nanata shi a rahotanninsa tun 2002, ƙungiyoyin taimakon marasa galihu irin su DAL mai fafutukar haƙƙin muhalli da aka kafa a 1990 da gidauniyar Abbé Pierre da ATD Quart Monde sun shekara suna bin ofis ofis da shi, kuma Sikotlan ta riga ta yi doka mai kama da haka a 2003 ana ta kawo ta misali. Wato maganar tana nan a rubuce a cikin durowa, an tsara ta an gyara ta, abun da ta rasa shine wanda zai sa a buɗe durowar. 'Yan tanti suka kawo hayaniya, tsofaffin ƙungiyoyi suka kawo takarda, kuma duk da akwai 'yar tsama tsakaninsu, don wasu tsofaffin hannu suna ganin yaran nan jiya jiya suka zo suna kwashe suna, da yawansu sun mara wa yarjejeniyar baya. Da ace tausayi kawai suka nema, da an kawo musu barguna da miya mai zafi an ɗau hoto an watse.

Daga nan abubuwa suka riƙa gudu. Daren 31 ga Disamba Chirac a jawabinsa na sabuwar shekara ya ce a yi dokar. Ranar 8 ga Janairu 2007 gwamnatin firaminista Dominique de Villepin, ta hannun minista Jean-Louis Borloo, ta sanar da wani shiri na gurabe 27,100 da kuma tsawaita lokacin buɗe wuraren kwana. Ranar 22 ga Janairu Abbé Pierre ya rasu, limamin cocin nan da ya yi kira a gidan rediyon Luxembourg ranar 1 ga Fabrairu 1954 bayan sanyi ya kashe wata mata a titin Sébastopol da takardar korarta daga gida a hannu, kiran da ya girgiza ƙasar a wancan zamanin. Rasuwarsa a daidai wannan gaɓar ta sa ba ɗan majalisar da zai so a gan shi yana jan ƙafa. (Sunan mutumin ya zube daga baya, a 2024 aka fallasa zarge-zargen cin zarafin mata da yawa a kansa har gidauniyar ta cire sunansa a 2025, amma a 2007 ba wanda Faransawa ke girmamawa kamarsa.) Ranar 5 ga Maris 2007 aka sa hannu a dokar da ake kira DALO, wato dokar haƙƙin muhallin da mutum zai iya kai gwamnati kotu a kansa.

Abun da ya faru a cikin tantunan

Nan ne labarin ya daina daɗi, kuma masu son kwaikwayon wannan dabarar ya kamata su tsaya nan su daɗe.

Da aka sanar da shirin 8 ga Janairu, Augustin Legrand ya fito ya ce an yi nasara za a fara ɗaga sansanoni, shi kuma ya wuce Afirka ta Kudu aikin fim da ya riga ya karɓa, abun da ya jawo masa suka sosai. To amma a ɗaga a je ina? Masu gida da suka zo kwanan zumunci sun koma gidajensu, hutu ya ƙare, kamarori sun juya wajen kamfen. Waɗanda suka rage su ne waɗanda dama ba su da inda za su, kuma sun ce ba za su motsa ba sai an nuna wa kowa ɗakinsa, don sun sha jin alkawari. Wasu ma sababbi suka riƙa zuwa saboda sun ji cewa wanda ke kanal shi za a fara ba wa wuri.

Tara mutum ɗaruruwa a wuri ɗaya, da yawansu da ciwon da titi ya sa musu, wani giya wani ƙwaya wani taɓin hankali da ba a taɓa dubawa ba, ba isasshen bayan gida ba ƙwararrun ma'aikata sai 'yan sa kai da suka gaji, ai ba sai an faɗa maka abun da zai biyo baya ba. Faɗace-faɗace suka yi yawa, masu shaguna da mazauna unguwar da suka kawo kofi a makon farko suka koma kai ƙara. An yi ta bin mutane ɗaya bayan ɗaya ana nema musu wuri, wasu aka kai su wata tsohuwar barikin soja a wajen gari, Fort de Nogent, wasu otal wasu gidajen agaji, ƙalilan ne suka samu gida na kansu kai tsaye. Sai cikin Afrilu aka kwashe tantunan ƙarshe.

Ban ce yaudararsu aka yi ba. Amma gaskiya ita ce wanda ya ba da fuskarsa da sunansa aka haska a talabijin yana kwance a tanti shi ya biya kuɗin gangamin da jikinsa, kuma ranar da aka ce an ci nasara shi bai ga bambanci ba a daren. Duk ƙungiyar da za ta tara marasa gida don a gan su, tambayar da ya kamata ta amsa tun kafin ta sayi tanti ɗaya ita ce wa zai tsaya da su a wata na uku.

Sun sake gwadawa a Disamba 2007, shekara guda cif, a bakin kogin Seine kusa da cocin Notre-Dame. Wannan karon zaɓe ya wuce, Sarkozy ne shugaba, 'yan sanda kuma sun koyi darasi, cikin ɗan lokaci aka tattara tantunan da ƙarfi. Dabara ɗaya, mutane ɗaya, tanti iri ɗaya, amma ba ta ci ba.

Dokar fa, ta yi aiki?

Yadda take shine, in kana cikin rukunin da doka ta lissafa, misali ba ka da gida, ko za a kore ka ba inda za ka, ko kana zaune a wurin da bai dace da mutum ba, sai ka cika fom ka kai wa wani kwamitin sulhu na yankinku, wannan ya fara daga Janairu 2008. In kwamitin ya ce lamarinka na gaggawa ne, wakilin gwamnati a yankin yana da wata 3 ko 6, ya danganta da wurin, ya nemo maka gida. In bai yi ba ka kai ƙara kotun da ke shari'a da hukuma, wannan kuma ya fara daga Disamba 2008. Akwai kuma wani sashe da ba a cika magana a kansa ba amma ya fito kai tsaye daga bakin mutanen kanal, wanda ya ce duk wanda aka karɓa a wurin kwanan gaggawa yana da damar ci gaba da zama har a nemo masa inda ya dace. Wannan ya rage korar sassafen nan a wurare da yawa, duk da har yau ba ko'ina ake bin sa ba.

Iyalai masu yawan gaske sun samu gida ta wannan hanyar, wanda ya ce dokar banza ce bai yi adalci ba. A yankunan da gidaje ke akwai tana aiki daidai gwargwado. Matsalar tana inda dama can matsalar take, Paris da kewayenta, inda mafi yawan ƙorafin ke fitowa, dubun dubatan iyalai suna riƙe da takardar da ta ce su ne kan gaba amma shekaru suna wucewa ba mabuɗi. Alƙali zai iya ba da umarni amma ba zai iya gina ɗaki ba. Kuma wani abun haushi, tarar da kotu ke ci wa gwamnati saboda jinkiri ba hannun mai ƙara take zuwa ba, wani asusu na gwamnati take shiga, kamar mutum ya ciro kuɗi daga aljihun dama ya sa a na hagu. A Afrilu 2015 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta samu Faransa da laifi a ƙarar wata mata 'yar asalin Kamaru da ke zaune a gidan da bai dace ba, wadda kotun Paris ta ba da umarnin a sauya mata gida tun ƙarshen 2010 amma shekaru suka shuɗe ba a yi ba.

Dalilin a fili yake, gidajen ne babu a inda ake buƙatarsu. Tun shekarar 2000 akwai dokar da ta tilasta wa garuruwa da yawa su kai kashi 20 cikin ɗari na gidaje masu sauƙin haya, aka ɗaga zuwa 25 a 2013, amma wasu garuruwan masu kuɗi sun gwammace su biya tara da a kawo musu talakawa maƙwabta. Wannan ba abu ne da jan tanti zai warware cikin wata uku ba, faɗa ne na filaye da kasafin kuɗi da zaɓen ƙananan hukumomi, marar hoto marar armashi, kuma jama'ar da suka cika kanal a Disamba ba su bi shi zuwa can ba.

Alƙaluman ma ba su yi daɗi ba. INSEE ta sake bincike a 2012 ta samu marasa gida 141,500. Gidauniyar da a lokacin ke ɗauke da sunan Abbé Pierre ta ƙiyasta kusan 300,000 a 2020. A lura dai yawancin waɗannan ba a titi suke kwana ba, suna gidajen agaji ne da otal-otal da gwamnati ke biya, kuma ƙaruwar tana da nasaba da tsadar haya da rikicin tattalin arzikin 2008 da yawan masu neman mafaka, ba wai dokar ce ta jawo ba. Shekara biyun Sarkozy ta zo ta wuce. Shi kuwa Augustin Legrand ya shiga siyasa, an zaɓe shi a majalisar yankin Paris a 2010 ƙarƙashin jam'iyyar masu rajin kare muhalli.

A Fabrairu 2018 hukumar birnin Paris ta fara wani abu da take kira daren zumunci, inda 'yan sa kai ke rarrabuwa unguwa unguwa cikin dare ɗaya suna ƙirga duk wanda suka tarar a waje suna masa tambayoyi in ya yarda. A daren farko sun ƙirga kusan mutum 3,000, kuma gunduma ta 10, inda kanal ɗin yake, tana cikin waɗanda aka fi samu.